Ajin Katikis: Yadda 'Yan Katolika Suka Koya wa Yara Addu'a a Makaranta

Karatu: Luka 11:1-4, Maimaitawar Shari'a 6:4-9

  

Yau tarihi zan ba ku. A cikin Luka sura 11, sa'ad da Yesu ya gama addu'a, wani daga cikin almajiransa ya roƙe shi ya koya musu, kamar yadda Yahaya ya koya wa nasa almajiran. Ashe addu'a abu ce da ake koyarwa, tana da malami, tana da ɗalibi. To, wa ya koya wa kakanninmu, wa kuma yake koya wa 'ya'yanmu yanzu? Zan duba wannan ta wajen 'yan'uwanmu na Katolika. Ni ba ɗan Katolika ba ne, kun sani. Amma a ƙasarmu da wuya ka sami dangin da babu su a ciki. Kawu yana zuwa Mas, inna tana COCIN, ƙanwa ta yi aure a ECWA, ranar biki kuwa a tukunya ɗaya ake ci. Bai kamata mu zauna da mutane shekara da shekaru ba mu san yadda suke renon 'ya'yansu cikin bangaskiya ba.

Bari mu soma da kalmar katikis. Asalinta daga Helenanci ne, ma'anarta kuwa a koya wa mutum abu da baki, a yi ta sa masa a kunne har ya zauna. Tana cikin Sabon Alkawari. Luka ya yi amfani da ita a farkon littafinsa, inda yake tuna wa Tiyofalas abubuwan da aka riga aka koya masa, Bulus kuma ya yi amfani da ita a Galatiyawa 6:6. Saboda haka kafin a raba ɗariku, kalmar ta dukanmu ce. A ikkilisiyar farko, mai neman baftisma yakan yi har shekara uku yana koyo. In Ista ta kusa, sai a ba shi abu biyu da baki, wato Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji. Ya je ya haddace, ya dawo ya faɗa a gaban shugaban ikkilisiya. Akwai wani ɗan littafi na zamanin nan da ake kira Didake, wanda ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku kowace rana.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a wannan zamani mutumin Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, a ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Wajen shekara ta 400, wani dikin na birnin Kartaj mai suna Deogratias ya aika masa da kuka. Shi ake kawo wa sababbin masu bi ya koya musu, amma ya ce in ya yi nisa cikin magana sai ya ji maganar ta yi lami, shi kansa ta gundure shi, balle mai ji. Kowane malamin makarantar Lahadi ya san wannan ciwo. Agustin ya rubuta masa littafi guda. Ya ce masa ya ba da labarin ayyukan Allah tun daga halitta har zuwa zamanin ikkilisiya, amma kada ya tsaya a kowane lungu, ya zaɓi manyan wurare ya daɗe a kansu. Ya ce dukan koyarwar ta nufi ƙauna. Ya ce babban abin da malami yake bukata shi ne fara'a. Har ya yi maganar ɗalibin da ya soma hamma. Shawararsa ita ce, ka faɗi wani abin da zai farkar da shi, in kuma tsayuwa ce ta gajiyar da shi, ka ba shi wurin zama. Ku duba fa, shekara dubu da ɗari shida ke nan, babban malami irin wannan bai ce a ɗauko bulala ba, kujera ya ce a kawo.

Littafin tambaya da amsa da muka sani ya zo daga baya ƙwarai. A nan ma sai mu yi gaskiya, gama Martin Luther ne ya fitar da ƙaramin katikisma a 1529, bayan ya zaga ƙauyukan Jamus ya tarar mutane da yawa ba su iya ko Dokoki Goma ba. A wajen Katolika, Peter Canisius ya fitar da nasa a 1555, sa'an nan bayan babban taron Trent aka buga na Roma a 1566. Na Roma ya kasu kashi huɗu: Shaidar Bangaskiya, sakramenti, Dokoki Goma, da Addu'ar Ubangiji. Ku riƙe wannan huɗun, za mu sake gamuwa da su. A Faransa kuma, wajen 1680, wani Fada mai suna De La Salle ya soma makarantun 'ya'yan talakawa. Ya sa a koya musu karatu da harshensu maimakon Latin, ya kuma sa a riƙa kaɗa ƙararrawa a tsakiyar darasi, kowa ya ajiye abin rubutu na ɗan lokaci ya tuna yana gaban Allah, sa'an nan a ci gaba da lissafi.

Yanzu mu dawo gida. Ran 12 ga Fabrairu 1907, su Fada uku na ƙungiyar SMA suka iso Shendam, ƙasar Goemai, waɗanda Hausawa ke kira Ankwe. Sunayensu Oswald Waller, da Joseph Mouren, da Ernest Belin. An kafa ƙungiyarsu a birnin Lyon na Faransa a 1856, wanda ya kafa ta kuwa zazzaɓin shawara ya kashe shi a Saliyo a 1859, makonni kaɗan bayan saukarsa. Shendam ita ce tashar Katolika ta fari a arewacin kogin Kwara da Binuwai. Dalilin da ya sa suka zo nan a fili yake. Gwamnatin Turawa ta hana mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi yadda suke so, don haka ƙofar da take buɗe ita ce ta ƙabilunmu. Ƙofar nan ce Karl Kumm na SUM ya shiga ya sauka Wase a 1904, ita ce kuma CMS suka bi zuwa Panyam a 1907. Kusan lokaci ɗaya suka iso, tsakaninsu tafiyar 'yan kwanaki ce da ƙafa.

Aikin bai yi sauri ba. Dattawa sun karɓi baƙin, sun ba su wurin zama, amma ba su ga dalilin da zai sa mutum ya bar hanyar kakanninsa ba, ko ya sallami matansa ya bar ɗaya. Su Fada suka yi noma, suka yi jinyar marasa lafiya, suka koyi harshe, shekaru suna wucewa masu baftisma kaɗan ne. A 1911 Roma ta mai da yankin ya tsaya da kansa, Fada Waller ne shugaba, mazauninsa Shendam. A ƙasar Ibo kuwa, Joseph Shanahan, wanda ya karɓi shugabanci a 1905, ya riga ya gane cewa makaranta ce ƙofar gari. In ka sami yaro ka sami gobe, wani lokaci har uban ma yakan biyo ɗansa. Sa'ad da su Fada 'yan ƙasar Ailan suka karɓi aikin Arewa, aka raba shi biyu a 1934, Jos da Kaduna, wannan hanya suka bi da ƙarfi. A 1940 'yan ƙungiyar Agustin, su ma daga Ailan, suka kafa a Sugu cikin ƙasar Chamba. Daga nan makarantu suka yi ta tsiro, a Kwa, a Pankshin, a Zawan, a Kafanchan da kewayenta.

Amma kada ku ɗauka Bature ne yake tsaye a gaban allo. Fada ɗaya yakan riƙe ƙauyuka da yawa. Yakan zo da keke, daga baya da babur, wata ƙila sau ɗaya a wata, in damina ta cika rafi ma ya fi haka. Wanda yake zaune a gari kullum shi ne katikis. Sau da yawa saurayi ne wanda ya yi 'yan shekaru a makaranta. Da fari an kawo waɗansu daga Kudu, daga baya 'ya'yan ƙasa suka karɓa. Shi ne malami ran Litinin zuwa Jumma'a, shi ne mai bi da sujada ran Lahadi in babu Fada, shi ne tafinta in Fada ya zo. In jariri yana bakin mutuwa da tsakar dare shi ake tasa ya yi masa baftisma. Shi yake binne matattu, shi yake rubuta wa mutane wasiƙa. Ɗakin da ake karatu a ciki shi ne majami'a, ginin laka da jinkar ciyawa, yara suna zaune a kan kututture ko dakalin ƙasa. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, da gonarsa yake ci. A littattafan tarihi sunan Fada ake rubutawa, da ranar zuwansa da ranar tafiyarsa. Sunan katikis kuwa sai ka je ƙauyen ka tambayi tsofaffi, su ne suke riƙe da shi. A ganina wannan rashin adalci ne, mu ma kuwa haka muka yi wa masu bisharar farko na namu ɗarikun.

To, me ake yi a cikin ajin? Ana buɗe rana da alamar gicciye, yaro ya taɓa goshi, da ƙirji, da kafaɗu biyu, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan ne abu na fari da ake koya wa ƙaramin yaro, tun bai san baƙi ba, malam ya kama hannunsa ya bi da shi. Sai addu'ar safe, inda ake miƙa wa Allah dukan aikin yini. Sai darasin katikisma, yawanci da safe tun kai bai yi zafi ba. Malam ya jefa tambaya, aji duka su amsa da murya ɗaya kamar waƙa, har mai wucewa zuwa rafi ya iya amsar. Tambayoyin farko sukan soma daga wanda ya halicci mutum da dalilin da ya sa ya halicce shi, sa'an nan a bi kashi huɗun nan da na faɗa muku. Da tsakar rana a buga ƙarfe, sau da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a itace, kowa ya tsaya a yi addu'ar da suke kira Anjelus, wadda take tuna zuwan mala'ika wurin Maryamu da zaman Kalma mutum. Akwai addu'a kafin cin abinci da bayansa. Kafin a tashi, akwai addu'ar tuba, a koya wa yaro ya duba yininsa ya ga inda ya yi laifi. A watan Mayu da Oktoba a ƙara da rosari, wato carbinsu, inda ake bin manyan al'amuran rayuwar Yesu goma-goma.

Abin lura a nan shi ne, ba su mai da addu'a darasi ɗaya cikin darussa ba. Sun rataye yinin yaro duka a kanta, safe da rana da yamma, kusan yadda Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ce a yi da maganar Allah, a zaune da a tafe, da kwanciya da tashi. Kuma akwai inda aka nufa. A 1910 Paparoma Pius na Goma ya ba da umarni yara su soma karɓar jibin Ubangiji tun suna wajen shekara bakwai, da zarar sun iya rarrabewa. Saboda haka yaron ajin katikis ya san akwai ranar da Fada zai zo ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyi ɗaya-ɗaya. In ya ci, a yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani tsarkaka, ya sa farin kaya. In ya faɗi, sai wata shekara. Tsofaffi da yawa za su gaya muku sun fi jin tsoron ranar nan da jarrabawar gwamnati.

Akwai maganar harshe, wadda ta shafe mu ƙwarai, mu da Hausa ba harshen uwarmu ba ce. Har zuwa shekarun 1960 da Latin ake yin Mas, a Shendam kamar a Roma. Yaron da yake taimakon Fada a bagade yakan haddace amsoshin Latin sarai, ba tare da ya san fassararsu duka ba. Katikisma kuwa a wurare da yawa da Hausa ake koyar da ita, domin su Fada ba za su iya koyon harsuna barkatai na ƙasar nan ba, ga shi kuma ana yi musu canjin wuri. Sai ya zama yaron Goemai ko Bajju ko Mumuye yana wasa da harshe ɗaya, yana amsa tambaya da na biyu, yana jin sujada da na uku, in ya yi gaba kuma Turanci yana jiransa. Mu ma ba mu tsira daga wannan ba. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen majami'armu. Ta haɗa mu, ban musa ba, ga shi da ita nake muku magana. Amma na sha ganin tsohuwa wadda in an ce ta yi addu'a da Hausa sai ta yi 'yan kalmomin da ta saba ji, in kuwa aka ce ta yi da yarenta sai ka ga hawaye. Wanda ya koyi yi wa Allah magana da harshen kasuwa kaɗai, akwai abin da zai riƙa ɓoyewa a ciki bai sani ba.

Kada kuma mu rufe ido ga gasar da aka yi. Akwai garuruwan da makarantar Fada take wannan gefen hanya, ta mishan ɗinmu tana wancan gefe, kowa yana jan yara, kowa yana gaya musu na ƙetaren hanya ɓatattu ne. Mutanenmu ma sun iya lissafinsu. An san su Fada ba su hana burkutu ba, sai dai buguwa, namu turawan kuwa sun hana ɗungum, kuma ba ƙaramin mutum ne wannan ya zaɓar wa ɗarika ba. Dattawa suna jina, sun san ban ƙara gishiri ba.

Abin da muka fi zarginsu da shi shi ne haddacewa. Mukan ɗauko Matiyu 6:7, inda Ubangiji ya hana maimaita magana a banza, mu jefe su da ita. Akwai gaskiya a ciki. Yaro yana iya rera amsa ɗari bakinsa yana tafiya zuciyarsa tana wurin tarkon da ya ɗana a jeji. An kuma yi amfani da tsumagiya fiye da kima, aka manta da kujerar Agustin. A zamanin nan kuma littafin katikisma ya fi Littafi Mai Tsarki yawo a hannun yaran. Game da roƙon Maryamu da tsarkaka, su sun ce ba sujada suke musu ba, roƙonsu suke su yi musu addu'a kamar yadda mutum yake roƙon ɗan'uwansa. Na ji bayanin, amma ni inda na tsaya shi ne 1 Timoti 2:5, matsakanci ɗaya ne, ba zan kuwa koya wa ɗana wata hanya ba. Duk da haka, ku karanta Matiyu 6 ɗin har gaba kaɗan. Ayoyi biyu bayan hanin, Yesu da kansa ya ba da kalmomin da za a riƙa yin addu'a da su. Mu ma muna da ayar haddacewa a makarantar Lahadi. Abin da aka haddace kamar hatsi ne a rumbu. Ba ya tsiro a can, gaskiya ne, amma ranar da yunwa ta zo wanda yake da rumbu shi yake ci. Waɗanda suke zuwa gai da marasa lafiya sun san tsohon da ya manta sunayen 'ya'yansa, amma in aka soma Addu'ar Ubangiji sai leɓunansa su kama motsi.

Wanda yake shakkar ko irin wannan koyarwa tana iya haifar da almajiri, ya tambayi dalilin da ya sa ake kiran wata makarantar Katolika a Jos da sunan Murumba. Sunan ɗaya daga cikin shahidan Yuganda ne. Mishan na Anglikan sun isa ƙasar Buganda a 1877, na Katolika a 1879. Samarin da suke hidima a fadar sarki suka riƙa zuwa koyon karatu da katikisma da addu'a, waɗanda suka iya suna koya wa na baya, sau da yawa da dare. A watan Mayu 1886 Sarki Mwanga ya tara su ya ce masu yin addu'a su ware gefe ɗaya. Shugabansu Charles Lwanga ya fita, sauran suka bi shi, har da ƙaraminsu Kizito, yaro ɗan wajen shekara 14, wanda Lwanga ya yi wa baftisma a daren da ya wuce. Ran 3 ga Yuni aka ƙone su a Namugongo. Ana tunawa da 'yan Katolika 22 da 'yan Anglikan 23 da aka kashe a tsanantawar nan, waɗansunsu a wuta ɗaya. Shekarunsu cikin bangaskiya ba su da yawa. Abin da suke da shi ɗan abin da aka sa musu a kunne ne, ya kuwa isa.

Babban canji ya zo da taron Vatican na Biyu, daga 1962 zuwa 1965. Aka ba da izini a yi Mas da harshen jama'a, aka kuma ƙarfafa kowane mai bi ya riƙa karanta Littafi Mai Tsarki. A ƙasarmu sai ga Mas da Hausa, ga ganga da kacau-kacau da tulun Zumuntar Mata a cikin majami'a. Darasin addini ya soma barin tambaya da amsa zalla, ya koma ga labarin ceto daga Ibrahim zuwa Yesu, kusan abin da Agustin ya gaya wa dikin ɗin nan tun da daɗewa. Yaran da suka zauna a kan kututture su ma suka girma. Gabriel Ganaka, ɗan Pankshin, ya zama bishop na Jos a 1974, Peter Jatau kuma ya zama babban bishop na Kaduna a 1975.

Amma a daidai lokacin ne makarantun suka soma fita daga hannun mishan. Na firamare suka koma ƙarƙashin hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi. Bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, jihohi da dama suka karɓe na sakandare. A Kaduna, St. John's ta zama Rimi College, Queen of Apostles ta zama Queen Amina. A 1976 aka soma shirin UPE, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka taɓa gani, wannan kuwa alheri ne, kada wani ya ce ba haka ba. Sai dai malami da katikis, waɗanda dā mutum ɗaya ne, suka rabu. Darasin addini ya zama CRK, ana koyar da shi sau biyu ko uku a mako, ana rubuta shi a jarrabawa kamar labarin ƙasa. Malamin CRK yana da 'ya'yan ɗariku biyar ko shida a gabansa. Ba zai koya musu rosari ba, ba zai kuma koya musu irin addu'armu ba. Zai koya musu tafiye-tafiyen Bulus da sunayen sarakunan Isra'ila. Yaro yana iya cin darasin da kyau ƙwarai, bai taɓa durƙusawa shi kaɗai ba. A waɗansu makarantun gwamnati na Arewa ma iyaye Kirista sun daɗe suna kukan babu malamin CRK ko ɗaya.

Dokar ƙasa tana da abin da ta ce. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addini ko shiga ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba. Ya kuma ba kowace ƙungiyar addini 'yancin koya wa 'ya'yanta addininta a makarantar da ita take riƙe da ita. Iyaye, ya kamata ku san wannan sashe, gama kariya ce ga ɗanku in yana karatu inda ku ne marasa yawa. A 2017 an yi ta gardama a ƙasa a kan sabon tsarin da ya cusa darasin addinin Kirista da na Musulunci a ƙarƙashin babban darasi ɗaya tare da waɗansu, har gwamnatin tarayya ta ce a raba su, kowanne ya tsaya da kansa. Waɗansu jihohin Kudu sun mayar wa mishan makarantunsu, Legas a 2001, Anambara a 2011.

'Yan Katolika ba su zauna jiran gwamnati ba. Suka mai da ajin katikisma harabar majami'a, ran Asabar ko da yamma bayan an tashi daga makaranta. A makarantun sakandare ɗalibansu suna taruwa a ƙungiyar YCS, kamar yadda namu suke taruwa a FCS, wadda ta soma a Gindiri a 1957. Suka kuma buɗe sababbin makarantu na kansu, ko da yake kuɗin waɗansu ya fi ƙarfin manomin da kakansa ya ɗebo laka ya gina ta farko, wannan kuwa ciwo ne da dukan ɗarikunmu suke da shi. Sa'ad da Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna a Fabrairu 1982, cikin waɗanda ya keɓe lokaci ya yi wa jawabi har da su katikis. A 1992 ya fitar da sabon babban littafin katikisma, kashi huɗu kamar na 1566, na huɗun dukansa a kan addu'a ne, ya kuma ƙare da bayanin Addu'ar Ubangiji roƙo bayan roƙo. Da ya dawo Nijeriya a Maris 1998, ɗan ƙasar da ya ɗaukaka, Cyprian Tansi na Aguleri, malamin makarantar mishan ne kafin ya zama Fada. A 2021 kuma Paparoma Francis ya mai da aikin katikis muƙami tabbatacce a cikin ikkilisiyarsu, wanda ake naɗa namiji ko mace a kai.

Shendam kuwa, a 2007, shekara ɗari cif bayan saukar mutum ukun nan, ta zama dayosis mai zaman kanta, James Daman ne bishop nata na fari. Kafanchan ta riga ta samu a 1995, Pankshin ta biyo baya a 2014.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu haye wancan gefen hanya, mu ji yadda aka soma horar da masu bishara da malamai a Gindiri a 1934. Ku gai da mutanen gida.